Yinin da Madara Ta Ƙi Fita a Hannun Inna

Da sunan Allah nake farawa, Mai ciyar da ɗan tayi a duhun ciki ba tare da cokali ba, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina so in rubuta abu guda daga cikin abubuwan da suka faru a gidanmu na karamomin malaminmu, shehinmu, ma'abocin ilimi da tsantseni da gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Ya kasance kogi a fiƙihu da tafsiri, amma bai taɓa cin abinci da karatunsa ba. Sana'arsa gyaran sikeli, a wani ɗan shago da ke kan layin masu sayar da ƙarafa, kuma a ɗakin da ke bayan shagon yake karantarwa, mata da hantsi a bayan labule, maza bayan la'asar. Tsawon shekarun da na yi ina zama a bayan wannan labule ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ya kira sunan wani da laifi a gaban mutane.

Lokacin da na haifi autana, haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi mini aiki, bayan aikin kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, nono ya ɗauke ɗif. Duk dabarar da aka sani an yi, bai dawo ba. Allah kaɗai Ya san hawayen da na zubar a kan wannan, domin uwar da ɗanta ke lalubar ƙirjinta bai samu komai ba, ita ta san abin da take ji. Malamar asibiti ta rarrashe ni, ta ce a sa shi a madarar gwangwani ta jarirai. Ta nuna mini layin da ruwan zai tsaya a jikin bulumboti, wato kwalbar shayar da jariri, ƙasa da rabi, da yawan cokalin awo daidai da abin da aka rubuta a gwangwanin, ta ce a riƙa ba shi bayan kamar awa biyu zuwa uku, dare da rana, kuma awon zai riƙa ƙaruwa yana girma. Na bi rubutun gwangwanin da yatsa, kalma bayan kalma kamar yadda na saba karatuna, har na haddace shi.

A gidan muna zaune da surukata, wadda kowa ke kira Inna, da ƙanwar maigidana, gwaggon yara, mai aikin ɗinki a ɗakin ƙarshen baranda. Mutanen kirki ne su duka, kuma gida ne mai hali biyu da aka san shi da su: ba a miƙa wa mutum kwano rabi, kuma ba a zubar da abin da Allah Ya hore. Ranar da Inna ta fara ganin awon da nake yi, sai ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, wannan ɗan tsit ɗin ne abincin angona? Ko kyanwa aka ba wannan ai sai ta kai ƙara."

"Inna, haka malamar asibiti ta auna."

"To, Allah Ya ba malamar asibiti haƙuri. Yaro an hana shi nono, a kuma hana shi ƙoshi."

Daga nan ba ta sake tanka maganar ba, ni kuma na ɗauka ta wuce. Saboda maganin da nake sha yana kashe mini jiki, da na ba yaron madararsa sai Inna ta shigo ta ce, "Kawo mini mijin nan nawa ki huta," ta tafi da shi ɗakinta. Can kuma in ji gwaggonsa ta karɓe shi, ƙarar keken ɗinki ta tsaya, ana yi masa 'yar waƙa. Ina kwance ina gode wa Allah da Ya ba ni dangin miji irin waɗannan.

Sai yaro ya fara tumbuɗi, ba irin ɗan abin da jarirai ke yi a kafaɗa ba, a'a, ya feso shi ta baki da hanci har ya jiƙa zani. Cikinsa ya ɗaure tamau, yana ta miƙa yana naɗe ƙafafu, kuka kuwa har muryarsa ta dishe. Na koma asibiti, malamar ta tambaye ni nawa nake ba shi, sau nawa, na faɗa mata gaskiyar abin da na sani. Ta duba shi, ta girgiza kai, ta ce awon daidai yake, idan abin bai tsaya ba a dawo da shi a kwantar a yi bincike. Washegari da hantsi yana kwance a gefena sai tumbuɗin ya sarƙe shi, kukan ya yanke, leɓunansa suka canja launi, ya yi laƙwas a hannuna. Na kifa shi a cinyata ina bubbuga bayansa ina kiran sunayen Allah, har ya yi tari ya dawo. A ranar na san cewa ana iya raba ni da yaron nan ina kallo.

Maigidana, mai gyaran firiji ne kuma ɗalibin Malam, ya ce asibiti za mu, amma shagon Malam a kan hanya yake, mu tsaya ya sa mana albarka. Inna ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafarmu. Muka same shi, Allah Ya ƙara masa yarda, zaune a kan ɗan bencinsa, da wani tsohon sikeli a warwatse a gabansa, duwatsun awo jere a kan tebur daga babba zuwa ƙarami. Yaro na ta tsala kuka tun daga gida, har masu shagunan kusa suna leƙowa. Maigidana ya durƙusa zai fara bayani, sai Malam ya ɗaga hannu, ya wanke yatsunsa da ruwan buta, ya goge, ya miƙo hannu biyu. Wallahi, da yaron ya sauka a hannunsa kukan ya tsaya kamar an rufe famfo. Ya jingina shi a kafaɗarsa a tsaye, yana shafa bayansa yana motsa leɓe, sai ga gyatsa mai ƙarfi ta fito, irin ta babban mutum, har Malam ya yi murmushi.

Ya ce in ba shi bulumbotin. Ya kama ɗan hannun yaron da ke dunƙule, ya ajiye shi kusa da kwalbar, ya bar mu muna kallon bambancin.

"Cikinsa bai fi wannan da yawa ba," in ji shi. "Awon da malamar asibiti ta ba ku gaskiya ne, kada ku ƙara, kada ku rage. Ku ƙarasa wurinta ta duba ƙirjinsa." Ya mayar da idonsa kan sikelin da ke gabansa, ba kan kowa ba. "Yaron nan ba yunwa ke sa shi kuka ba. Tausayi ne ya yi masa yawa. Hannu ɗaya ya riƙa ba shi."

Ni ban gane ba, domin a sanina hannu ɗaya ne ke ba shi. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Allah gafarta Malam, to yaro yana kuka a zuba masa ido?"

"Idan yana neman abu da baki, yana kai hannu baki, a ba shi, Inna. Idan ya kau da kai, ya saki yatsunsa, ya ƙoshi ke nan, ko da saura a kwalba. Tazarar kuwa, ki ƙaddara kamar tsakanin azahar da la'asar." Ya tofa addu'a a tafin hannunsa ya shafa wa yaron a ciki, ya miƙo mini shi yana barci.

A asibiti aka duba ƙirjinsa aka ce babu abin da ya shige, aka sallame mu da sharaɗin mu dawo in ya sake. Muka koma gida. Da aka yi kiran la'asar na ba shi awonsa, ya sha, ya kau da kai. Maigidana ya tafi karatu, Inna ta shigo kamar kullum ta ɗauke shi, ni kuma barci ya sace ni.

Ban daɗe ba na ji ana taɓa ƙafata. Na buɗe ido na ga Inna tsaye, yaro a kafaɗarta, a hannunta kuma ga wani bulumboti mai shuɗin murfi wanda ban taɓa gani ba, cike fal har wuya.

"'Yar nan, tashi ki ga ikon Allah," in ji ta. "Ya ɗan yi ƙorafi, na ce bari in ƙara masa ko kaɗan ne. Na sa masa a baki, madara ta ƙi fita. Na girgiza, na matsa, na zura allura a hujin, ko ɗigo. Na juya a bayan hannuna, sai ga ta tana zuba. Na mayar bakinsa, ta tsaya. Ina cikin haka na ji muryar Malam a bayana, kamar yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, 'Ya ƙoshi, Inna.' Na waiga, babu kowa sai labule."

Ta zauna a bakin gadona ta fashe da kuka. Ta ce tun ranar da ta ga awona ta aika aka sayo mata nata bulumbotin ta ɓoye a cikin kwandon zannuwa, kuma duk lokacin da ta ɗauke shi sai ta cika masa, in ya kau da kai ta bi bakinsa har ya shanye, don kada a zubar. "Ni da nake cewa angona, ashe ni nake neman in zama bazawara," ta faɗa tana share hawaye. Kukanta ya jawo gwaggon yara. Ta tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, ta kalli kwalbar, ta kalli uwarta.

"Inna! Ke ma?"

"Ni ma kamar yaya?"

Gwaggo ta juya ta nufi ɗakinta, ta dawo da wani bulumbotin, tsoho, na 'yarta da ta yaye, wanda take ajiyewa a aljihun keken ɗinki. Inna ta zaro ido.

"Ke 'yar banza, ashe bayan na cika shi ke ma ɗura masa kike yi?"

"To ni ina na san kin riga ni? Kullum in kin miƙo shi cewa kike yi, 'Ungo marayan nono, ba ya samun komai.'"

Ni dai na rasa kuka zan yi ko dariya, na yi duka biyun. Muna nan zaune maigidana ya dawo daga karatu, tun bai cire takalmi ba ya ce yau ya ga abin da bai gane ba. Malam yana tsakiyar bayanin wata mas'ala sai ya tsaya, ya ɗaga kai daga littafi, ya ce a hankali, "Ya ƙoshi, Inna," sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, ɗalibai na kallon juna. Da Inna ta ji haka sai ta zame daga bakin gadon ta yi sujada a kan siminti.

Washegari ta matsa sai an kai ta ta nemi gafara. Ta ajiye bulumbotin biyu a gaban Malam, ta fara magana, bai bari ta ƙarasa ba.

"Babu laifi a kan mai tausayi, Inna. Abin da ya rage a kwalba a zubar, ba almubazzaranci ba ne, cikin yaro ya fi madara daraja. Uwarsa ta riƙa ba shi, ke kuma gyatsa taki ce. Da ya gama a miƙa miki."

Haka aka yi. Daga ranar tumbuɗin ya koma ɗan abin da ba a rasa ba, ciki ya saki, barci ya dawo gidan. Duk komawar da muka yi asibiti malamar tana ɗora shi a sikeli ta ɗaga mana awon kaɗan, mu tsaya a inda ta tsayar. Inna kuwa ta riƙe aikinta kamar sarauta. Da ta ji na ajiye kwalba za ta taho da tawul a kafaɗa, ta ɗora shi tana zagaya baranda tana bubbuga bayansa, in gyatsar ta fito ta ɗaga murya duk gidan ya ji: "Kun ji ko? Wannan tawa ce, ba ta malamar asibiti ba." Yau yaron ya isa ɗauko mata buta, kuma har yanzu in ya ƙoshi ya ture kwano, ita ce ke hana kowa ya ce masa ya ƙarasa.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun bawanSa, wanda ya ga abin da ke cikin kwandon zannuwa da aljihun keke amma bai tona asirin kowa ba. Ya Allah, Ka ƙara masa yarda, Ka yalwata kabarinsa, Ka nauyaya mizaninsa kamar yadda ya daidaita ma'aunan bayinKa. Ka ba mu albarkarsa, mu da 'ya'yanmu, Ka sanyaya zuciyar duk uwar da nononta ya ɗauke, Ka raya mata abin da ta haifa. Amin.