Baƙin Dutsen Maƙeri Jatau

Dalilin da ya sa Turawa ke kiran mutumin da ba shi da makusa "faragon" ba shi ne abin da wani mai dogon baki ya faɗa muku ba, yara. Wai sunan sarki ne! Ƙarya ya shirga muku. Sunan baƙin dutse ne da ake gwada zinariya da shi, daga bakin mutanen Italiya suka aro shi. Ga yadda ni na ji dutse ya samu wannan girma.

A da, da ido ake sanin zinariya, mai ƙarfin murya shi ke da gaskiya. A wani gari an yi wani maƙeri, Jatau, gwani ne amma akwai zuciya. Wata mata, Tabawa, ta kawo masa zinariyar da ta gada wurin uwarta, ya ƙera mata munduwa. Sai Cindo, maƙerin da ke kishi da shi, ya raɗa mata cewa an cuɗa mata da tagulla.

Tabawa ta zo maƙera da jama'a a bayanta. A garin nan kuwa, maƙerin da ya yi algus ƙwace masa guduma ake yi, a kore shi.

Cindo ya ɗaga yatsa ya ce, "Dubi zobena, Tabawa. Wannan ita ce zinariya!"

Jatau ya ce, "Ni za ka yi wa sharri, ɗan uwa? Tare fa muka koyi zuga!"

Ya rasa shaida, zuciya ta ɗebe shi, ya fizge munduwar daga hannun Tabawa ya yi jifa da ita. Ta gogi baƙin dutsen da yake wasa wuƙa a kai, ta bar zane rawaya mai sheƙi.

Tabawa ta tsuguna ta duba, ta ce, "Malam Cindo, goga naka mu gani."

"Ai zoben ya matse ni."

"Goga har da yatsan!"

Ya goga. Zanen ya fito ja-ja, kamar gindin tsohuwar tukunyar tagulla. Jama'a suka kwashe da dariya, Jatau ya ɗauki gudumarsa ya koma aiki yana murmushi.

Shi ya sa har yau wanda ya kai a gwada kowa da shi, da dutsen ake kamanta shi, ba da zinariyar ba. Mai musu ya ciro zoben hannunsa, ya zo mu goga.