Hawainiyar da Littafi Bai Gane Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurare ta.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, yunwa ta shiga daji. Zaki ya sa a rubuta marasa ƙarfi don a ba su tallafin abinci, Dila ne magatakarda. Ya tarar da Hawainiya, wadda mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya, a kan ɗanyen ganye. Ya rubuta: "Hawainiya, koriya."

Ranar rabo ta bi layi a kan jar ƙasa.

Dila ya ce, "Koriya aka rubuta. Ke kuwa ja ce wur."

"Malam, ni ce fa! Kai ka rubuta ni."

"Ni na gane ki, Iya. Littafi ne bai gane ki ba."

Ta hau farin buhu don ya gan ta da kyau. Kura mai gadi ta ce, "Ga wata kuma, fara! Ke ƙanwar ta ɗazu ce?"

Hawainiya ta dubi hannunta, ita ma shakka ta kama ta.

Dila ya ce, "Je ki kira mai sunan."

Ta tafi neman ɗanyen ganye don ta koma koriya, 'ya'ya na jira. Amma farin da ya jawo tallafin ya riga ya ƙone ganyen duka.

Shi ya sa har yau take ɗaga ƙafa ta rasa inda za ta sa, ido ɗaya na neman ganye, ɗaya na kallon layi.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare a nan.