Gwangwanin Maganin Ummuhani

A Likoro, shekaru kaɗan bayan an samu mulkin kai, an yi wani manomi mai suna Malam Ashafa. Mutumin kirki ne, kuma wajen tanadi babu na biyunsa a garin. Duk munin shekara, ba a taɓa jin ya cinye irin dawarsa ba, shi ne ma yake ba maƙwabta na shuka. Illarsa guda ce: yabo ya hau masa kai, har ya ɗauka babu abin da dabararsa ba za ta gyara ba. In ka ba shi shawara sai ya yi murmushi, ta bayan kunnensa ta bi.

'Yar autarsa Ummuhani tana da shekara shida ciwon ƙoda ya kama ta. Takan tashi da safe idanu a kumbure, ƙafafu sun cika, fitsarinta yana kumfa kamar an zuba sabulu. Sau biyu ana kai ta asibiti a Zariya, kumburin ya sauka, bayan 'yan watanni ya dawo.

A zuwa na uku likita ya sauya mata magani mai ƙarfi. Malamin asibiti, wani Ja'afaru, shi ya yi wa Ashafa bayani. Ya ce garkuwar jikin yarinyar ce ta juya tana yi wa ƙodarta ɓarna, maganin kuma zai kwantar da garkuwar. Za ta sha kullum har sati takwas cur, kuma duk sati biyu a kawo ta a duba jininta, don maganin ba na wasa ba ne.

"Malam, kumburin zai sauka tun magani bai ƙare ba," in ji Ja'afaru. "Kada wannan ya ruɗe ka. Ciwon yana nan ciki."

Ashafa ya ce to.

Sati uku da komawarsu Ummuhani ta miƙe garau, tana carafke da ƙawayenta a zaure. Sai Ashafa ya zauna ya yi tunani irin nasa. Ciwon nan mai dawowa ne. Zariya da nisa, sai ka tuƙa keke zuwa bakin titi ka jira lori, ga damina ta kankama. Wane mai hankali ne zai ƙarar da abin da ya san gobe zai nema? Ya juye sauran ƙwayoyin a wani gwangwani, ya ɓoye a rumbu kusa da irin dawa, zancen duba jini kuwa ya ce sai an sarara.

Matarsa Sabuwa ta roƙe shi har da hawaye. "Malam, ba haka suka ce ba."

"Su suna da ɗaki cike da magani, ina za su san tanadi? Da tsohuwar zuma ake magani."

Ta ji tsoro ƙwarai, amma rumbun maigida ba wurin shigarta ba ne.

Da kaka kumburi ya dawo. Ashafa ya sauko da gwangwani yana jin daɗin hangen nesansa, ya ba ta na kwana goma, da ya ga sauƙi ya sake rufewa. Har a majalisa sai da ya ba da labari, aka yi ta sa masa albarka. Ba a yi wata biyu ba ciwon ya sake tashi. Ya ba ta, bai sauka ba. Ya ninka mata. Zazzaɓi ya rufe ta, bakinta ya yi gyambo, fitsari ya ɗauke. A ranar ya goya ta sai Zariya.

Abin tausayi, ko a lokacin bai gane ba. Ya ajiye gwangwanin a gaban likita ya ce, "Ga sauran, ban bar ko ɗaya ya lalace ba."

Likita ya juye ƙwayoyin a kan tebur ya dube su. Ja'afaru ne ya yi magana a hankali. "Malam, waɗannan tun da damina ya kamata a ce yarinyar ta shanye su."

Kwana tara suna ƙoƙari a kanta. A na goma Ummuhani ta rasu.

Sabuwa ba ta taɓa goranta masa ba, kuma shirun nan nata ya fi masa zagi ciwo. Ranar addu'ar uku masu gaisuwa suna ta ba shi haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare, ai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ashafa ya ɗago kai.

"Kwana ya ƙare, gaskiya ne. Amma ku daina cewa na yi ƙoƙari. Maganinta yana hannuna na hana ta."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ƙwarewa a wani fanni ba ta mai da mutum masanin kowane fanni. In likita ya ɗora yaronka a kan magani, musamman mai kwantar da garkuwar jiki, ka ba shi yadda aka ce har ya ƙare, ka kuma mayar da shi a duba shi ranar da aka sa. Saukar kumburi ba warkewa ba ce, kuma kada ka rage ko ka ƙara da ra'ayin kanka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.