Ƙwaryar da Ta Ƙi Gajeriyar Ƙofa

In hira ta zo kan Ranau, ɗan farin Sarki Jatau na Birnin Tagwai, jikan Gagare mai garkuwar ƙarfe, kowa da abin da yake faɗa. Majema cewa suke yi tun yana ciki aka yi masa sammu. Mata a bakin rijiya su ce wai wata allura ya yar tun yana yaro, ita yake nema har yau. Fadawa kuwa, in sun tabbata ba ya kusa, Baka suke kiransa, saboda yadda bayansa ya tanƙware kamar bakan maharbi. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar idonsa, shi ma ta ƙafafu yake gane mutane.

Asalin abin kuwa, tun Ranau yana goye wani baƙo dogo ya shiga fada bai sunkuya ba. Sarki Jatau, zaki mai saurin fushi, hadari mai saukar da aradu, ya sa magina suka rage kowace ƙofa ta gidan sarauta har ta dawo iya cibiya, suka sauko da rufin soraye, ban da soron da karagarsa take. A wannan gida Ranau ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya yi gemu, kullum a duƙe. Shi kuwa Sarki, don kada a ga ya sunkuya wa ƙofar da ya gina, sai ya daina fita. Ya zauna bisa karaga shekara da shekaru, har baya ya riƙe masa ƙam, ƙugu ya sandare, ko juyawa zai yi sai an ji nishinsa a ƙofar gida. Bokaye suka duba ƙasa suka ce maganinsa ɗaya ne, ruwan rijiyar Birnin Giginya, garin aljanu dogaye.

Sarki bai taɓa kiran sunan ɗansa ba. Da farko kunyar ɗan fari ce, daga baya ta rikiɗe ta zama ƙyama. Da ya ji maganar bokaye sai ya dubi fadawa, alhali Ranau na durƙushe gabansa, ya ce, "Ku gaya wa yaron nan, mai ƙusumbi ba ya hawa karagar Gagare. Ya je ya ɗebo ruwan. In ya kasa, ya nemi wani garin."

Ranau ya ɗauki sandarsa ya fita, zuciyarsa na tafasa. Ya ratsa dazuzzuka baƙaƙe-baƙaƙe, ya haye koguna masu faɗi-faɗi, ya bi ta gindin dutsen madubi, ya wuce ƙarƙashin itatuwan da tsuntsayen zinariya ke sheƙa a kai, amma duk bai ga ko ɗaya ba, don idonsa na kan ƙasa, tsakuwa da tururuwa kawai ya sani. Haka har ya isa Birnin Giginya, mai ganuwar azurfa, mai ƙofofi dogaye-dogaye da gajimare ke ratsawa, aka kai shi gaban Sarauniya Miƙiya, uwar aljanu, fara sol, doguwa sambal, wadda ko inuwarta ba ta karkata.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarauniya ta ce, "Tashi, ɗan Adam, ka dube ni."

Ya tashi, ya yi iya yinsa, idonsa bai wuce gwiwarta ba. Aljanu suka tuntsire da dariya. Wani daga cikinsu ya ce, "Ranki ya daɗe, a bar shi, gaisuwar ce bai gama ba!"

Ranau ya doka sandarsa a ƙasa. "Allah ya ja zamaninki, ban ratso daji don in ba aljanu dariya ba. In akwai ruwa a ba ni. In babu, a faɗa mini in san inda zan nufa."

Sarauniya ta yi murmushi ta ce, "Ashe akwai abin da bai tanƙware ba a jikin nan. Ruwa akwai, ɗan sarki, amma da sharaɗi. A buɗaɗɗiyar ƙwarya ake ɗaukarsa, cike fal, a bisa kai, ba a sauke shi sai hannun majiyyaci ya karɓa. Ɗigo ɗaya ya zuba, sauran ya koma yashi."

"To ki miƙar da ni, tun da ikon yana hannunki."

Ta miƙa yatsa ta taɓa tsakiyar bayansa. Nan take ya miƙe sambal, ya ga rufin fada na lu'ulu'u, har ya yi salati. Aka kawo masa abinci, ya zauna yadda ya saba, haɓa a ƙirji, kafaɗu sun rufto gaba. Kafin la'asar ya koma baka.

Sarauniya ta ce, "Ka gani? Yatsana yini ɗaya yake yi. Abin da jiki ya koya kullum, kullum ake warware shi. Za ka zauna, ko za ka koma?"

Ya ce, "Ba inda za ni."

Daga ranar, kowace safiya sai a jingina shi da gindin giginya, dunduniya da mazaunai da kafaɗa da ƙeya duk su nemi itacen, ya yi ta jan numfashi har cikinsa ya cika. Da farko ƙeyar ta ƙi zuwa, wuya ya yi zafi, aljanu na wucewa suna yi masa barka da hutawa, shi kuwa ya cije ya ce su dawo gobe su gani. Sarauniya ta hana shi daɗewa a zaune, da ya ɗan jima sai ta tafa hannu ya miƙe, kuma ba dafa ƙasa. In zai ɗauki tulu ta ce, "Gwiwa ce baiwa, ita ake aika ƙasa. Baya sarki ne, yana nan inda yake." Ta karɓe sandar da yake dogarawa ta jefa a rijiya. Sa'an nan aka naɗa masa gammo, aka ɗora masa ƙwarya, wofi tukuna, sai rabi, sai cike, yana zagaya ganuwa, idonsa kan nesa, nauyinsa rabe bisa ƙafafu biyu. Ya sha wanka da ruwan ƙwaryar nan har ya daina ƙirga. Rani ya wuce, damina ta wuce, wata safiya ya jingina ya ji ƙeyarsa ta taɓa giginya ba tare da ya neme ta ba.

Aka cika masa ƙwarya daga rijiya. Sarauniya ta ce, "Je ka. Amma ka sani, gwajin da ya fi duka yana ƙofar gidanku."

A hanyar komawa ya ga dutsen madubi, ya ga tsuntsayen zinariya, ya yi mamakin irin duniyar da ya taka ya wuce. Da hantsi ya shiga Birnin Tagwai, yana taku ɗaiɗai kamar gauraka, mutane suka bi shi ɗuu, ba wanda ya gane shi sai da ya yi sallama a ƙofar fada, ƙofar nan mai iya cibiya.

Sarkin fada ya leƙo a duƙe ya ce, "Yarima, kai ne? Da ƙwarya a ka kamar mai tallar nono? To sunkuya ka shigo, Sarki na jira."

"In na sunkuya ruwan ya zube."

"A sauke, a miƙo."

"In an sauke ya koma yashi."

Saƙo ya shiga, saƙo ya fito. Sarki ya ce duk mai shiga gidansa a duƙe yake shiga, ko ɗan wane ne. Dogarai suka matso da kulake. Ranau ya ji tsohon nauyin nan yana jan kafaɗunsa gaba, bayansa na neman komawa inda ya saba, ya ja numfashi ya tuna gindin giginya.

Ya ɗaga murya yadda za a ji har soron karaga. "Allah ya ba Sarki nasara! Ni ɗansa ne, in na shigo zan durƙusa masa da gwiwata, da son raina. Amma bango ba ubana ba ne, ba zan ƙara rusuna masa ba. Ga maganinsa a kaina. In an doke ni, shi aka zubar."

Ya tsaya nan rana na dukansa, azahar ta yi, la'asar ta gabato, ruwa bai ko girgiza ba. Can ciki nishin Sarki ya yi ta ƙaruwa. Fadawa suka gwada fito da shi bisa karaga, ƙofa ta hana. Daga ƙarshe aka ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "A kira magina."

Aka fasa ƙofa ta fari, aka fasa ta bayanta, aka ɗaye rufin soraye, haske ya shiga inda ya daɗe bai shiga ba. Ranau ya ratsa su duka a miƙe. Gaban karaga ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauka sannu a hankali, bayansa kamar mashi, har ƙwarya ta zo daidai hannun mahaifinsa. Sarki ya karɓa ya sha, ƙugunsa ya saki.

Ranau ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan yini ɗaya zai yi maka. Sauran sai ka tashi ka taka, yau da gobe da jibi. Ga hannuna."

Sarki Jatau ya kama, ya miƙe da ƙyar, ya ga sai ya ɗaga kai kafin ya dubi fuskar ɗansa. Tsawon Gagare ne, idanun Gagare ne. Ya dubi tulin ƙasar ƙofofin da aka fasa, ya sake duban ɗansa.

"Ranau," in ji shi, sunan ya fito masa da nauyi. "Ni na tanƙwara ka, na dawo na zage ka da tanƙwarar. Don Allah, ɗana, ka yafe mini."