Dagacin da Ba Ya Auna wa Kaji Dusa

Masu riƙon labaran da sun ce an yi wani dagaci, Mamuda, wanda yake ganin abin kunya ne a auna wa kaza abinci a gidan babba. Kullum kaskon dusa a cike, kwatarniyar ruwa ma haka, don baƙo ya ga wadata. Wata safiya aka buɗe akurki, aka tarar ɓeraye sun cinye 'yan tsaki goma sha ɗaya, sai ƙafafu. Ya sa aka sayo guba, ya ce a kwaɓa da dusa don a tsirar da kaji tara da suka rage.

Gwaggonsa Tabawa, tsohuwar da ba ta tauna magana, ta fizge ƙullin gubar. "Kai Mamuda, rawani ya danne maka hankali? Abin da ya sami Jatau kake nema!"

"Me ya sami Jatau, Gwaggo?"

Ta ce, "To, buɗe kunne. Jatau manomi ne mai kaji ashirin, mai cika kasko irinka. Da ɓeraye suka dame shi, ya zuba musu guba a dusa. Kaza kuwa ina ruwanta da dusar wa? Rabin kajin suka ci. Ɓerayen da gubar ta ƙona wa ciki suka faɗa kwatarniya suka mutu a ciki, sauran kajin suka sha. Kafin la'asar ko ɗaya ba ta motsi. Cikin haushi ya ɗana tarko, ya kama wata tsohuwar gafiya, ya ɗaga taɓarya. Ta ce, 'Kashe ni, amma fara jin labarin gidan Ladingo.' Ya ce, 'Faɗi, munafuka.'

"Gafiya ta ce, 'A gidan wata tsohuwa, Ladingo, uwata ta haife mu. Matar nan da tafin hannu take watsa wa kaji tsaba, safe da la'asar, ta tsaya a kansu har su tsince. Sai ta share, ta kife kasko, ta zubar da ruwan kafin magariba. Dusa na cikin tukunya, da murfi, da dutse a kai. Ramin da muka haƙa, ta toshe da laka da fasasshen kasko. Nonon uwata ya ƙafe, uku cikinmu suka mutu. Ta kwashe mu da baki, ɗaya bayan ɗaya, zuwa gidanka. Kai ka shirya walima, Jatau, yanzu kana zagin waɗanda suka amsa gayya.'

"Jatau ya kashe ta, amma akurkinsa bai sake jin cara ba. Kai ma kaskonka ne ya kira su."

Dagaci ya ce, "Gwaggo, mutane za su ce na tsiyace, ina auna wa kaza."

"Su ce mana! Ranar da taranka suka mutu, wa zai kawo maka ko ƙwai ɗaya cikinsu? Jaje kawai za su yi, su fita suna dariya."

Dagaci ya ce, "Gaskiyarki. Ni na kashe 'yan tsakin nan."

Ya sa aka jefa gubar a masai, ya ce daga yau a auna, a share, a rufe. Uwar 'yan tsakin kuwa ta wuni tana zagaya akurki tana kira, babu mai amsawa.