Sulken da Ba a Haɗa Ba

Akwai wani mutum, sunansa Habila, sana'arsa haɗa kebul. Ba irin siririyar wayar da ke bangon ɗakinku nake nufi ba. Wannan kebul ne mai kaurin damtsen ƙato, wanda ake binnewa a ƙasa domin ya kai wuta manyan gine-gine. A cikinsa akwai jijiyoyi huɗu na jan ƙarfe, su ne ke ɗaukar wutar. A bayansu an naɗe shi da wayoyin baƙin ƙarfe tun daga wannan kai har wancan, masu sana'ar suna ce da su sulke. Sai kuma baƙar roba a waje. Nauyinsa kuwa, sai majiya ƙarfi sun yi layi suna ja suna nishi kafin a warware shi daga durom ɗin katakon da ya zo a kai.

Mutane da yawa suna tsammani amfanin sulken nan shi ne ya kare kebul daga bakin diga da haƙorin gafiya. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Ranar da wuta ta ɓalle daga hanyarta ta shiga jikin ƙarfen inji, sulken ne hanyar da take bi ta koma inda ta fito, fis ya tsinke ya yanke wutar, kowa ya tsira. In kuwa ta tarar an yanke wannan hanya, sai ta zauna shiru a jikin ƙarfen tana jiran hannun da zai taɓa. Habila ya san wannan tun yana koyon aiki.

Aka ɗauke shi aiki a inda ake gina wani asibiti a bayan gari. An haƙa rijiyar burtsatse can ƙarshen filin, ana so a kai wa injin famfonta wuta. Leburori suka ja kebul cikin dogon rami, ga shi kuwa bai kai ba, sai da aka kawo wani aka shimfiɗa daga wancan ɓangaren. Haɗa su biyun shi ne aikin Habila.

Ya shiga ramin ya zauna. Ya feɗe robar, ya yanke sulken da zarto ya maida shi baya, ya haɗa jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar'uwarta, ya matse su tam. Saura abu ɗaya: wata igiyar jan ƙarfe mai kama da kitso, wadda ake ɗaurewa daga sulken wannan kebul zuwa na wancan, ta tsallake haɗin kamar gada. Daga nan sai a rufe da kwanson roba, a dama gam mai kauri a zuba ya cika shi. In gam ɗin ya daskare, haɗin ba ya sake buɗuwa, sai dai a yanke.

Yana cikin haka sai hadari ya gangamo daga gabas. Ba abin da mai haɗa kebul ke tsoro kamar ruwa, domin ɗigo kaɗan in ya shiga haɗi, aikin ya lalace. Iska ta taso, leburori suka riƙe masa tamfol tana ƙoƙarin ƙwacewa, kowa yana cewa, "Yi sauri, Malam Habila!" Ya ji yayyafi a ƙeyarsa. Ya rufe kwanson, ya dama gam, ya zuba. Yana gamawa ruwa ya sauko, suka ruga rumfa suna dariya, suna cewa yau sun riga ruwa.

Da ruwan ya ɗauke, leburori suka zuba yashi a kan kebul ɗin, suka maida ƙasa. Habila ya zauna yana goge kayan aikinsa. Ya sa hannu a jaka zai ɗauko tsumma, sai ya ji wani abu mai sanyi ya naɗe masa yatsa. Ya jawo. Igiyar jan ƙarfen ce, sabuwa ful, ko lanƙwasa ta ba a yi ba.

Ya dube ta, ya dubi inda ramin yake, ya sake duban ta. Ya ce a ransa, "Ko dai guda biyu suka sa a kwalin?" Amma tunda yake aikin nan bai taɓa ganin kwalin da ya zo da biyu ba, kuma da ya bi aikinsa a zuci daki-daki, bai ga inda hannunsa ya ɗaura ta ba. Ya cusa ta can ƙasan jaka, ya ja zif.

Kashegari aka kunna wuta. Injin ya ɗauka, ruwa ya feso daga famfo, ma'aikata suka yi ta tafi. Shugaban aikin, wani mutum mai suna Filibus, ya dafa kafaɗar Habila ya ce, "Hannunka da albarka. Yau ɗin nan za mu zuba kankare a kan layin, nan ne hanyar da motoci za su riƙa shigowa."

Habila ya ce, "Oga..."

Oga Filibus yana ɗaga wa direban motar siminti hannu, ya juyo rabi ya ce, "Akwai matsala ne?"

Maganar tana nan a bakin Habila. A wannan lokacin shebur kawai ake bukata da 'yar kunya kaɗan. Amma ya tuna tafin da aka yi, ya tuna cewa shi ne wanda ake kira in aikin wasu ya ƙi. Ya ce, "Ba komai, Oga."

Aka zuba kankare, aka lailaye shi sumul.

Tun daga ranar Habila bai sake samun sukuni ba. Aikinsa ya koma cikin ginin, amma kunnensa yana wajen famfo. Duk lokacin da injin ya tashi, sai ya dakata da aiki ya kasa kunne. In wani ya ƙwala wa wani kira a filin, sai ya saki abin da ke hannunsa ya leƙa ta taga. In zai tsallaka kankaren nan, ƙafarsa ta san daidai inda haɗin yake. Yakan ce wa kansa, "Ai wuta tana tafiya lafiya. Injin sabo ne, yaushe zai lalace?" Maganar takan riƙe shi na ɗan lokaci, sannan fargabar ta dawo fiye da dā.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wata mata da ke sayar wa ma'aikata abinci, ana kiran ta Maman Murna. Tunda ruwa ya samu, ta maida wanke-wankenta gindin famfon, daf da akwatin ƙarfen da makunnin injin yake ciki. Ƙafarta ba takalmi, ƙasa jiƙe sharkaf, 'yarta Murna mai koyon tafiya tana dafe-dafe a gefenta.

Ya je ya ce mata, "Maman Murna, da kin matsa da kwanukan nan can gindin bishiya."

Ta ce, "In bar ruwa a nan in koma ɗauka a kai? Malam Habila, wuyan nawa ne ba ka tausayi?"

Ya kawo katako ya shimfiɗa mata ta riƙa tsayawa a kai. Ya sayo mata silifa. Ta karɓa tana dariya ta ce, "Ikon Allah! Bari in ga matarka a majami'a, sai na gaya mata ka fara rabon takalma." Ya yi murmushin yaƙe. Da ya sake wucewa, silifan suna ajiye a kan bokiti don kada su jiƙe, katakon kuma ta ɗora tukwane a kai. Ku duba fa, mutum ya yarda ya sayi takalmi, ya ɗauko katako, ya rame, ya daina cin abinci, duk don kada ya faɗi magana ɗaya.

Ana nan, wata rana da tsakar rana ya zo karɓar abinci, wanda ba ci zai yi ba. Maman Murna tana zuba masa miya ta ce, "Yauwa, kai da ka san wuta. Akwatin nan naku ya fara cizo. Ɗazu na dafa shi, na ji kamar tururuwa tana bi na a hannu."

Nan take Habila ya gane. Ruwa ya shiga injin ke nan, wutar ta fara ɓallewa, kuma ba ta da hanyar komawa. Ya waiwaya. Ga Murna can ta saki bokiti, tana tangaɗi da ƙafafunta cikin caɓi, ta miƙa hannu biyu wajen akwatin domin ta dafa.

Kwanon ya faɗi daga hannunsa. Bai san lokacin da ya kai wurin ba. Ya suri yarinyar ya miƙa wa uwarta, ya ce, "Kada kowa ya matso nan!" Ya sheƙa da gudu ɗakin wuta ya ja babban makunni. Injin ya yi shiru.

Oga Filibus ya fito a fusace ya ce, "Wa ya kashe mana wuta?"

Habila ya buɗe jakarsa, ya ciro igiyar jan ƙarfen ya miƙa masa. Ya ce, "Oga, wannan a ƙarƙashin kankaren can ya kamata ta kasance. Ban haɗa sulken ba. Na sani tun ranar."

Oga Filibus ya karɓi igiyar. Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce mini ba komai."



Aka kawo guduma aka farfasa kankaren da aka lailaye, aka haƙa, aka yanke haɗin aka tsaga shi. Ga jijiyoyin huɗu a haɗe tsaf, ba abin kushewa. Ga wayoyin sulke kuwa, na nan suna kallon na can, gam ya daskare a tsakaninsu. Habila ya sake haɗin daga farko, ya ɗaura igiyar, ya kira Oga ya gani da idonsa kafin ya rufe. Oga ya ce, "Ya yi. Yanzu tattara kayanka." Labarin ya bazu a cikin masu gine-gine, aka daɗe ba wanda ya kira shi aiki. Maman Murna kuwa, da yake fita ƙofa da jakarsa, mita take yi a kan an hana ta ruwa, ba ta san abin da ya tsallake gidanta ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Kebul biyun nan mutum biyu ne da aka taɓa yankewa tsakaninsu: wa da ƙane, miji da mata, ko biyu daga cikinmu da ke zama a benci ɗaya. Dattawa sun zaunar da ku, kun yi musafaha. Jijiyoyin nan huɗu su ne gaisuwa, da zuwa biki, da zuwa ta'aziyya, da waƙa a ƙungiya ɗaya. Duk suna aiki, wanda ya gan ku zai ce wuta ta kawo.

Sulken shi ne gafara ta cikin zuciya, wadda ba ta samuwa sai an faɗi gaskiya, wannan ya ce, "Ka ɓata mini rai," wancan ya ce, "Na yi laifi, ka yafe mini." A ranakun lafiya ba a ganin amfaninta. Sai ranar da wani sabon saɓani ya taso, a kan gado, ko iyakar gona, ko faɗan yara, ita ce hanyar da fushin zai bi ya sauka a gaban Ubangiji ya mutu a can.

Gam ɗin kuwa, ai kun san shi, a bakinmu yake. "Ba komai." "Ya wuce." Mun iya zuba shi da sauri, don kada zaman ya yi tsawo, don kada a ce mun cika riƙo. Muna zubawa, yana daskarewa, shekaru su zo su zuba nasu kankaren a kai. Sannan mu koma rabon silifa: mu aika da tuwon Kirsimeti, mu ƙara tsawon gaisuwa, mu yi komai ban da maganar nan ɗaya.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, wanda ya yi haɗin ba shi ne yakan dafa akwatin ba. Na ga gidajen da iyaye suka mutu suna gaisawa, 'ya'yansu ba sa shiga gidan juna, in ka tambaye su dalili ba su sani ba. Na ga ikilisiyar da ta rabe biyu a kan wanda zai riƙe mabuɗi, alhali ba mabuɗin ba ne, wata magana ce da dattawa biyu suka binne tun muna yara.

Ba zan ruɗe ku ba, tonowa tana da tsada. Za ka ji kunya, wataƙila wasu su daina ganin ka da girman da suka saba. Amma Allah yana ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake ganin na sarari, shi kuwa ba ya korar wanda ya zo masa da gaskiya.

Tun da na fara maganar nan, na san akwai fuskar da ta faɗo maka a rai. Wataƙila mai ita yana cikin ɗakin nan. In an tashi, kada ka tsaya a "Ina gajiya?" Ka ja shi gefe ka ce masa, "Ɗan'uwa, ranar nan da na ce maka ba komai, akwai komai."