Filafilin Sarkin Ruwan Tungar Maje

Ga wata nan gare ku, kuma hukuncinta na hannunku.

A Tungar Maje gada ɗaya ce tak, ita ce hanyar asibiti idan kogi ya cika. Tsakiyarta na kan ginshiƙai biyu, ɗaya a bayan ɗaya, ruwa ya doki na farko sannan ya isa na biyu. Ba a daɗe da gina ta ba na biyun ya fara karkata, jirage kuma suna kifewa a bayansa. Maginan sun auna ƙarfin kowane ginshiƙi shi kaɗai, kowanne ya yi daidai. Ba wanda ya tambayi abin da ɗaya ke yi wa ɗaya.

Sarkin Ruwan garin ya rasu ya bar 'ya'ya uku da tsohon filafilinsa na tuƙa jirgi. A gidansu ba babba ke gadonsa ba, sai wanda ya ceci gari daga kogi. Mahaifiyarsu, Inna Kande, ta rataye filafilin ta ce, "Damina mai zuwa gadar nan ba za ta kai ba. Ku san abin yi."

Kallamu, babbansu, masunci ne. Ya zuba ƙaiƙayin gero a saman ruwa, ya bi shi da kyamarar waya. Sai ya ga a bayan ginshiƙi na farko ƙaiƙayin na murɗewa, murɗi ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, bi da bi, kowanne ya je ya doki na biyu. Ya nutsa duk da haɗarin, ya tarar ruwa ya kwashe yashin gindin ginshiƙin. Ya tura wa ƙanwarsa hoton.

Ƙanwar tasa, Tasalla, injiniya ce a birni. Ta gina kogin a cikin kwamfuta, ta yi ta gyara har murɗinta ya zo daidai da na ƙaiƙayin yayanta. Da ta kawo kwamfutar gida, autansu Ilu ya leƙa ya yi dariya.

"Yaya, kogin nan naki ko ƙafa ba ya jiƙawa."

"Shi ya sa nake rushe gada a cikinsa ba wanda ya nutse," in ji ta. "Matsa, kana tare mini haske."

Mutanen gari sun so a jibge duwatsu a tsakanin ginshiƙan. Tasalla ta gwada a kwamfuta, murɗin ya ƙara ƙarfi. Ta gwada wasu dabaru, suka faɗi. A ƙarshe ta haɗe ginshiƙan da bango guda mai tsinin goshi kamar jirgi, ruwan ya rabu ya wuce salin-alin.

Amma zane ba ya tare ruwa. Ilu magini ne. Ya kira gayya da rani, suka karkatar da kogin da buhunan yashi. Ƙasar ta zo da taushi, ya ƙi zuba kankare sai da suka haƙa suka taɓa dutse, mutane na gunaguni, hadari na haɗuwa a gabas. Siminti ya tsattsage masa hannuwa. Ya gama, ruwan farko ya sauka.

Da kogi ya cika, Kallamu ya sake zuba ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ya bi gefen bangon ya wuce bai waiwaya ba. A makon nan aka tsallaka da wata mai naƙuda, ta dawo da jaririya.

Inna Kande ta sauke filafilin, ta goge shi, ta tsaya a gaban 'ya'yanta. Da Kallamu bai gani ba, Tasalla ba ta da abin kwaikwaya. Da ba ta gwada ba, da duwatsu aka jibge. Da Ilu bai gina ba, da bangon na nan cikin kwamfuta. Filafili kuwa ba ya rabuwa uku.

To, a hannun wa Inna Kande za ta sa shi?